Taguwar da Aka Yi wa Aski

Ku gyara zama, don mutumin da zan ba ku labarinsa bai taɓa yin sauri ba a rayuwarsa, labarin nasa ma ba ya son gaggawa.

Madugu muke ce masa a unguwa, amma shi da bakinsa ya sha faɗa mana cewa bai taɓa yin madugu ba. Madugu shi ne na gaban ayari, wanda ya san rijiyoyi, in ya ce a sauka a sauka, in ya ce a tashi a tashi. Shi kuwa tun yana saurayi har furfura ta cika masa gemu a ƙarshen layi yake tafiya, bayan raƙumin ƙarshe, yana tsince abin da ya faɗi: igiyar da ta tsinke, buhun da ya zame, takalmin wani mai gyangyaɗi. Yakan ce, "Ni duk hamadar nan ta tsakanin ƙafafun raƙuma na gan ta." Mu dai muka ƙi sauya masa suna, shi ma ya gaji ya ƙyale mu.

Da manyan motoci suka karɓe safarar kaya, ayari ya watse. Raƙumansa suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, wannan don jinyar matarsa, wancan don abincin gida. Matar ta rasu. Sai 'yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, ta je ta taho da shi gidan mijinta. Ya iso da tabarma, da buta, da wata tsohuwar taguwa, raƙumarsa ta ƙarshe, mai suna Ta-Baya, don ita ma a ƙarshen ayari ta yi rayuwarta.

Mijin Auta mai aski ne. Shagonsa a jikin gidan yake ta waje: kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa tun tuni, madubi mai tsaga a kusurwa, injin aski, almakashi, da dogon benci inda marasa aiki ke zama suna gyara duniya. Mutum ne mai kirki har ya yi yawa. In ya hango akuya ta maƙale a shinge, sai ya bar mutum da rabin kai ya je ya fid da ita. Yana jin nauyin surukinsa ƙwarai, ko ido ba ya iya haɗawa da shi.

Gidan ɗakuna biyu ne da ɗan tsakar gida wanda ba zai ɗauki taguwa ba ko da an naɗe ta kamar tabarma. Amma kusa da shagon akwai fili da ba a gina ba, da tarin bulo wanda ciyawa ta tsiro ta cikinsa, da wata bagaruwa. Nan aka ɗaure Ta-Baya, nan ta yi shekaru tana tuƙa tana kallon masu wucewa kamar ta san asirin kowa.

Kowace safiya Madugu kan ja ta zuwa bayan gari ta ci ƙaya. Yana tafe idonsa a ƙasa, yana ture fasassun kwalabe da ƙusoshi da sandarsa. Ƙafar raƙumi ba kofato ba ce irin na doki. Tafi ne mai faɗi da laushi, kamar matashin kai da aka naɗe da fata. In ta taka yashi sai ya baje ya hana ta nutsewa. A kan kwalta da tsakuwa kuwa, wannan laushin shi ne ciwonta. Tafiyar da yaro zai yi kafin shayi ya huce, su biyu sai hantsi ya ɗaga suke gama ta.

In sun dawo, mazauna benci su tare shi.

"Baba Madugu, don Allah a ɗan huda mana tozon nan mu sha, famfo ya ɗauke."

"Kitse ne," yakan ce, bai ko ɗago kai ba. "Na faɗa muku bara, na faɗa muku bara waccan. Guzurinta ne na ranar yunwa. Da ruwa ne da tuni kun kafa mata famfo."

"To ruwan ina take kai shi?"

"Jikinta duka. Ba ta ɓarna ne kawai. Ku je ku ga kashinta, yau ta yi shi yau za ka hura wuta da shi. Ku kuwa kofin shayi ɗaya, kun nufi bayan katanga."

Akwai kuma mahaucin bakin kasuwa, wanda ba ya wuce filin nan bai tsaya gaisuwa ba.

"Ina kwana, Baba. Ya jikin Hajiya?" Yana gaisuwar idonsa na kan cinyar taguwar.

"Ta gode. Ta ce a gaida wuƙa."

Haka ake ta yi har wata bazara mai zafin da ko ƙadangare ba ya tsallaka titi da rana. Wata safiya tipa ta zo ta zube yashi a filin, dab da ƙafar Ta-Baya. Mai filin ya biyo baya, ya gaida Madugu cikin mutunci, ya ce ya gode da gadin shekaru, amma magina za su fara haƙa tushe da zarar wata ya kama. Ba a yi faɗa ba. Madugu ya ce Allah ya sa a gama lafiya, ya shiga ɗaki ya kwanta, abin da ba ya yi da safe.

A duk unguwar babu wani filin. Zaɓi biyu ya rage: mahauci, ko kuma ƙanin Madugu, wanda ake kira Dogo, da ke can bakin hamada da 'yan raƙumansa, inda sai ya hau tudu kafin waya ta kama shi. Dogo ya ce a kawo ta, ƙaya ba ta ƙare ba. Mai Aski ya kawo shawarar a ɗora ta a mota. Madugu ya girgiza kai. Mota ba ta kaiwa can, kuma taguwa mai shekarunta in aka ɗaure ta a durƙushe wuni da wuni a bayan mota ana jijjiga ta, ba ta ƙara tashi. Da ƙafarta za ta je. Farkon hanyar akwai ƙauyuka da rijiyoyi, amma ƙarshenta kwanaki ne na tafiya ba ɗigon ruwa. A da can, wannan ba komai ba ne gare ta. Yanzu ta tsufa, kuma gari ya sangarta ta.

Sai ya fara shirya ta yadda mutanen ayari ke yi. Ya riƙa cusa mata dusa da harawa don tozon ya miƙe. Ya riƙa ba ta gishiri da kanwa tana lasa. Sannan ya ɗauke bokitin ruwanta ya kife a bayan ɗaki.

"Baba, bokitin Ta-Baya fa?" in ji Auta.

"Kada kowa ya ba ta ruwa sai na ce."

"A wannan zafin? Kuna ba ta gishiri kuma kuna hana ta ruwa? Baba, ko maƙiyi ai ba a yi masa haka."

"Ta saba kurɓa kullum kamar matar gari. Raƙumin da ke kurɓa ba ya cika cikinsa. Sai ta tuna ƙishirwa, ranar tashi ta sha na gaske, wanda zai kai ta."

Duk sanda Auta ta fito zubar da ruwan wanke-wanke sai ta kau da kai daga filin. Ta-Baya kan bi kwanon da ido, ta yi wani gurnani daga can cikin maƙogwaro. Da aka kwana biyu a haka, Auta ta daina cin abinci sosai.

Ana haka Madugu ya tafi kasuwar dabbobi neman sabuwar akala da igiyar dabaibayi. Tafiyarsa kun san ta. Wunin nan duka ya tafi. Rana ta take. Mai Aski yana bakin shago ba kowa a kujera, yana kallon taguwar. Gashinta ya fara zuba ɓangare-ɓangare kamar yadda yake yi kowace bazara, wani wuri ya saɓule, wani wuri ya dunƙule, amma a gadon baya da kan tozo yana nan tsibi guda, mai kauri kamar bargo. A idon mai aski, wannan abin kunya ne a ƙofar shagonsa. A zuciyar mai tausayi kuma, azaba ce.

Ya leƙa gida. "Auta, zo ki ga baiwar Allah nan. Ba ruwa, ga bargo a baya."

"Ni na daina kallo."

"Tun da zafin nan ya shigo, akwai wanda ya zauna a kujerata bai ce a yi masa ƙwal ba? Kowa in ya tashi sai ya ce kansa ya sha iska. Baba ruwa ya hana. Bai hana aski ba."

Auta ta ce, "Bari in riƙe maka wayar wuta."

Suka jona wayar wuta a kan wata wayar har ta kai filin. Ta-Baya tana durƙushe. Da injin ya taɓa ta sai ta ɗan zabura, daga baya ta ji kamar susa ce, ta lumshe ido ta miƙa wuya. Mai Aski ya yi aikin da bai taɓa yi wa wani kai ba. Ya bi gadon baya, ya zagaye tozo, ya sauka haƙarƙari, injin ya yi zafi ya huta ya sake. Da ya gama, ya leƙa kunnenta ya ga gashi ya cunkushe shi kamar na wani tsoho mai gadi da ke zuwa masa, ya ɗauko almakashi ya share shi tas. Gashin ido ne kawai ya tsira, don da ya kai hannu ta nuna masa haƙora. Mazauna benci suka taso suna yaba aiki. Wani ya ce saura turare.

Da yamma Madugu ya dawo da akala a kafaɗa. Ya tsaya a bakin filin. Ya dubi taguwar, sumul kamar tulu. Ya dubi tarin gashin da Auta ta share ta tara a gindin bagaruwa. Bai ɗaga murya ba. Ya nemi bulo ya zauna, ya ajiye akalar a ƙasa.

Mai Aski ya matso ya tsuguna, da murmushin mai jiran a sa masa albarka.

"Baba, na ɗan rage mata zafi ne."

"Ka taɓa sa hannu a bayanta da tsakar rana?"

"Na sa, Baba. Kamar wuta."

"Saman gashin ka taɓa. Da ka tura yatsa har fata, da ka ji bambanci. Gashin nan rumfarta ce, ɗan nan. Rana a kansa take tsayawa. Yanzu a kan fatarta za ta sauka, ta yi ta gumi. Gumin nan kuwa shi ne ruwan da nake ta wahalar tara mata." Ya kalli kanta. "Har kunnen?"

"Har kunnen, Baba."

"Da me za ta tare yashi?"

Mazauna benci suka riƙa sulalewa ɗaya-ɗaya, kowa ya tuna yana da wani uzuri. Auta ta tsaya da tsintsiya a hannu tana hawaye.

"Zai fito, ko Baba?" in ji Mai Aski da ƙaramar murya.

"Zai fito. Bayan an yi wa filin nan rufi."

Washegari mahauci ya zo. Wannan karon bai yi raha ba, bai kalli cinya ba. Ya zauna kusa da Madugu a kan bulo, ya ce, "Baba, ba ciniki ya kawo ni ba. Na ji abin da ya faru. In ta faɗi a hanya, ungulu ne za su fara da idonta tana da rai. A nan kuwa kana riƙe da kanta, kafin ka ƙifta ido an gama. Ka yi tunani."

Gaskiya ya faɗa, kuma Madugu ya san gaskiya ce. Da la'asar ya kira 'yarsa.

"Kina da allura babba?"

Auta ta kwaso tsofaffin buhunan algarara, da bargon da ya mutu, da duk ƙyallayen da mijinta ke yafa wa mutane a wuya in zai yi musu aski. Ta zauna a tsakar gida tana haɗa su, Madugu yana nuna mata: nan a ninka biyu don kan tozo, nan a bar shi sako-sako iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Da aka yafa wa Ta-Baya, ta fito kamar wadda ta yi gado a shagon tela, ja nan, shuɗi can, ga tambarin buhun shinkafa a gefe. Ba wanda ya yi dariya, ko da yake abin ya isa.

Ranar tashi da asuba aka jera mata duk abin da ke ɗaukar ruwa a gidan: baho, bokiti, babbar tukunya. Ta sa baki. Ba ta ɗago ba. Auta na zubawa taguwar tana shanyewa, har maƙwabta suka miƙo nasu ta katanga. Kana tsaye kana ganin ramin gefen cikinta yana cikowa, fatar tana miƙewa. Da ta ƙoshi ta ɗago kai ta kaɗa leɓe, ta watsa wa kowa ruwa.

Madugu ya rataya mata jarka biyu na ruwansu da ɗan guzuri, ba sirdi, don ya ce ba wanda zai hau ta. Yana juyawa sai ga Mai Aski ya kulle shago, ya sa takalmin roba da hular rana.

"Ina za ka?"

"Rakiya, Baba."

"Ka taɓa tafiyar da ta wuce kasuwa?"

"Ban taɓa ba."

Madugu ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ja akala. "Ka bi ta baya. In wani abu ya faɗi ka tsince."

Labarin hanya daga bakin Mai Aski muka ji shi, kuma duk sanda ya ba da shi sai ya shafa tafin ƙafarsa. Sukan tashi tun gari bai waye ba, su yi tafiya har rana ta yi ƙarfi, su sauka, sai ta yi sanyi su ƙara. Muddin akwai ƙauyuka, abin da sauƙi. A rijiyar ƙarshe ta sake shan ruwa, suka cika jarkoki. Daga nan itatuwa suka fara gajarta, suka koma 'yan ƙayoyi nan da can, ƙasa ta koma yashi. A nan Mai Aski ya ga tafiyar Ta-Baya ta sauya. Ɗingishin da muka saba gani a kwalta ya ɓace. Shi ƙafarsa na nutsewa har idon sawu, ita tana tafe a sama kamar ba ta da nauyi.

Da tsakar rana, inda babu inuwar da za ta ɗauke ta, sai ta durƙusa ta fuskanci rana kai tsaye. Mai Aski ya kama akala zai juya ta.

"Ƙyale ta," in ji Madugu daga ƙarƙashin mayafin da ya kafa da sanda. "In ta ba ta gefe, duk faɗin jikinta rana za ta samu. A haka sirinta kawai take samu. Ka duba ƙasanta kuma."

Ya duba. Ƙirjinta na kan wani taurin fata mai kauri kamar faifai, shi ya ɗaga cikinta daga yashin, iska na wucewa ta ƙasa.

Da la'asar ya taɓa wuyanta ya ji rau. "Baba, zazzaɓi ya kama ta."

"Ba zazzaɓi ba ne. Tara zafin take yi, don kada ta biya shi da gumi. Kafin asuba za ta sauke shi, ka taɓa ta ka ji." Sai ya tura hannu ƙarƙashin rigar buhu, ya zaro shi a jiƙe. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. "Wannan ne bai kamata in gani ba."

Wata rana iska ta taso da yashi, irin wadda ke shiga haƙora. Ta-Baya ta tsuke hancinta ya rufe ruf kamar bakin jaka, ta sauke dogon gashin idonta, ta ci gaba da tafiya. Amma kanta take ta kaɗawa, tana goga kunne a kafaɗa. Mai Aski ya cire hularsa, ya yaga rigarsa, ya haɗa su ya ɗaure mata kunnuwan da kyau. Shi ya ƙarasa wunin da kai a buɗe, yashi na yi masa aski kyauta. Madugu ya gani, da suka sauka ya miƙa masa mayafinsa.

Kullum gefen cikinta na ƙara faɗawa. Idonta ya shige ciki. Ƙayar da ta saba kamawa da leɓenta mai kauri tana taunawa kamar alewa, ta fara wuce ta ba ta ko shinshinawa. Mai Aski duk hankalinsa na kanta, shi ya sa bai lura da tsohon ba. Madugu yana shan ruwa ne yadda ya saba a zamanin ayari: kurɓi ɗaya da safe, ya wuni da ɗan dutse a baki. Abin da jikinsa ya ɗauka yana ɗan shekara talatin, shi yake nema ya ɗora masa yanzu. Ranar da suke sa ran isa, da hantsi, akala ta saki. Ta-Baya ta tsaya. Mai Aski ya zagayo ya tarar da surukinsa zaune a yashi, leɓensa ya tsage, yana magana da mutanen da suka daɗe da mutuwa.

Ya tallafe shi, ya riƙa ɗiga masa ruwa, ya jiƙa masa kai. Da ya ɗaga jarkar tsohon ya ji nauyinta, a ranar ya manta da jin nauyin suruki.

"Baba, wannan ruwan wa kuke ajiye wa? Ita an halicce ta da haka. Ku fa? Tozo gare ku?"

Madugu ya buɗe ido da ƙyar. "Ka ja ta ku tafi. Ka bi sawun nan. In ka isa ka turo Dogo."

"In bar ku a nan in je in ce wa Auta me? Hawa za ku yi."

"In na hau ta, ba za ta kai ba."

Mai Aski ya tashi ya kwance jarkokin biyu da ƙunshin guzuri daga bayanta, ya ɗaure su da igiyar dabaibayi ya rataya a kafaɗunsa. "Na sauke mata wannan. Ku ɗin nawa kuke? Ai ba ku fi su ba." Ya ja akala ƙasa, ta ƙi durƙusawa. Ya roƙe ta, ya kira ta Hajiya, ta ƙi. Sai da Madugu ya yi wani ɗan sauti da busasshen harshensa, sannan ta naɗe ƙafafun gaba ta sauka.

Ɗora shi bai yi wuya ba. Tashin ne. Ta yunƙura ta koma. Ta sake yunƙurawa, ƙafafun baya suka miƙe suna rawa, ta tsaya a haka, gaba a ƙasa baya a sama, tsohon ya rungume tozo. Mai Aski ya ce a nan ya tuna maganar mahauci, har ya ɗaga kai ya duba sama ko ungulu sun iso. Can ta yi wani nishi, ta miƙe.

Suka ci gaba, a hankali fiye da yadda ko Madugu ya taɓa tafiya. Igiya na cin kafaɗar Mai Aski. Ta-Baya ta tsaya sau da yawa, kowane tsayi yana zaton na ƙarshe ne. Da rana ta karkata, sai ta ɗaga kai ta buɗe hanci, ta daɗe tana shaƙar iska. Ta sauya hanya da kanta, ta bar sawun da suke bi ta nufi wani tudu. Mai Aski ya ja, Madugu ya ce daga sama, "Sake mata. Ta ji ruwa."

Bayan tudun rijiya ce, da kwamin shayar da dabbobi, da raƙuma a tsaitsaye, da wani dogon tsoho yana jan guga. Ya saki igiyar ya tsaya yana kallon abin da ke gangarowa: taguwa cikin rigar tsumma da ɗaurin kunne, da tsoho a maƙale a bayanta, da wani baƙo tsirara rabi yana rangaji da jarkoki.

Aka sauke Madugu aka kwantar a inuwar bukka. Ta-Baya ta sa kai a kwami. Dogo ya yaye rigar buhun, ya ga fata sumul, ta yi ja a gefen da rigar ba ta rufe ba. Ya zagaya ta. Ya zagaya ta kuma.

"Yaya, wace cuta ce wannan?"

"Ba cuta ba ce. Suruki ne."

Dogo ya dubi Mai Aski, wanda ke zaune ya cire takalmi yana kallon ƙafafunsa da suka faffashe. Ya fara dariya a hankali, har ya dafa kwami. "Kai ne mai askin? Sannu da aiki. Hannunka na da kyau, wallahi. Ko layi ɗaya ba ka bari ba."

"A yi haƙuri, Baba ƙarami."

"A'a, ai ka biya. Daga gari ka ɗauko jarkokin nan?"

"Daga hantsi ne kawai."

"To ka biya rabi."

Da ta gama sha, Dogo ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya latsa tozo, ya ɗaga ƙafa ya ga tafin. Ya dawo ya tsuguna kusa da wansa, dariyar ta tafi.

"Rigar za ta ci gaba da sawa har gashi ya fito, zan ajiye ta kusa da inuwa. Amma Yaya, haƙoran sun ƙare. Damina ɗaya, in ta yi rai biyu."

"Na sani."

"Duk wannan wahalar."

"Na sani, Dogo. Cire mata akalar."

Dogo ya cire. Ta-Baya ta tsaya jim kamar tana jiran a ja ta. Da ba wanda ya ja, ta juya ta bi bayan sauran raƙuman da suka nufi ƙayoyi, rigar tsumma na kaɗawa a gefenta. Madugu ya bi ta da ido har ta kai itacen farko ta miƙa wuya. Sannan ya juya ya fuskanci bangon bukka, ya ja mayafi.

"Ɗan nan."

"Na'am, Baba."

"Ka hau tudun can ka kira Auta. Ka ce mun iso. Ni kada a tashe ni."